Mudu Biyu a Hannun 'Yan Jarida

Jama'a, tunda yaranmu sun fara kallon wasannin Amurka a waya har suna musu a kai a bakin shago, bari mu ma mu sa baki. Akwai wasan da suke kira besbol: ɗaya ya jefa ƙwallo, ɗaya ya maka mata sanda. Duk shekara ana zaɓen ɗan wasa mafi daraja, wato MVP, a kowanne daga rukunonin gasar biyu. Tun 1931 ƙungiyar marubuta labaran wasan ce ke kaɗa wannan ƙuri'a. To, mu dai mun ce mudu biyu gare su, ɗaya na awon wanda suke so, ɗaya na wanda ya ɓata musu rai.

Ga Ted Williams na Boston. A 1942 shi ya zo na ɗaya a manyan ma'aunai uku na masu bugu, aka ba Joe Gordon na New York kyautar. A 1947 ya sake yin haka, aka ba Joe DiMaggio, da ratar maki ɗaya tal, 202 da 201. Kowa ya san Williams da 'yan jaridar Boston ba sa ga maciji da juna.

Ga kuma Albert Belle na Cleveland a 1995. Sau 50 ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, Mo Vaughn na Boston sau 39. Idan ƙoƙarin mutum ake dubawa, Belle ne gaba. Idan nasarar ƙungiya ce, Cleveland ta ci wasa 100 cikin 144, babu wadda ta kamo ta. Duk da haka Vaughn aka ba. Shi mai fara'a ne, Belle kuwa ba ya sakar wa ɗan jarida fuska.

Za a ce ai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Haka ne, Belle mafaɗaci ne, kuma a 1994 an dakatar da shi saboda an samu algus a sandarsa. Takardar ƙuri'ar ma ta ambaci hali. Amma wane ne ke auna halin? Mutumin da aka ƙi amsa wa tambaya jiya shi ne alƙali yau. Ko a kasuwa ba ma barin wanda ake rigima da shi ya riƙe sikeli.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne na 1999. Pedro Martinez, mai jifa, ya fi kowa samun ƙuri'ar matsayi na ɗaya, amma marubuta biyu suka ƙi sa sunansa sam, wai kyautar ba ta masu jifa ba ce. Ivan Rodriguez ya ɗauke ta. Alhali ɗaya daga cikin biyun nan ya sa sunayen masu jifa a takardarsa a 1998. Kai jama'a! Dokar ta canza ne cikin dare?

Haka batun ƙungiya. Wata shekara su ce ɗan ƙungiyar da ba ta taɓuka komai ba bai cancanta ba, amma a 1987 sun ba Andre Dawson alhali Chicago Cubs ce ta ƙarshe a rukuninta.

Ba mu ce a ƙwace ƙuri'a daga hannunsu ba. Cewa muka yi su bayyana ma'auninsu tun kafin a fara kaka, su tsaya a kansa ko a kan wa ya faɗa. Ku kuma samari, Ballon d'Or ɗin da kuke kwana kuna gardama a kai, 'yan jarida ne ke zaɓe. In an sanar da gwani, ku duba abin da ya yi a fili, ku tambayi wa ya auna, da wane mudu. Wanda ya koyi wannan tambaya a kan wasa ba zai haɗiye duk abin da jarida ta rubuta a kan unguwarsa ba.