Ba Yawan Jini Ne Matsalar Ba: Darasi Daga Fina-finan Yakuza



Duk lokacin da aka tayar da maganar fina-finan yakuza, wato 'yan dabar ƙasar Japan, muhawarar ba ta wuce auna yawan jini. Wasu su ce a hana, wasu su ce fasaha ce. A ganinmu, duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki.

Gaskiya ne akwai waɗanda suka wuce gona da iri. Fim ɗin Ichi the Killer na Takashi Miike (2001) an haramta shi a Malesiya da Norwe, a Birtaniya kuma sai da aka yanke wuraren cin zarafin mata. Ba mu ga laifinsu ba.

Amma mu duba fina-finan kamfanin Toei na shekarun 1960, irin na Ken Takakura. Jininsu bai kai haka ba, sai dai sun mayar da ɗan yakuza jarumi mai amana, mai kare talaka. A 1973 Kinji Fukasaku ya fito da Jingi Naki Tatakai, wanda aka gina kan rikicin gaske na yankin Hiroshima bayan yaƙi. Jini ya kwarara, amma ya nuna su maciya amana, iyayen gida matsorata, yara na mutuwa a titi kamar kaji. To, tsakanin biyun, wanne zai sa matashi ya yi sha'awar shiga daba?

Su kansu 'yan yakuza sun ba da amsa. A 1992 Juzo Itami ya yi Minbo no Onna, fim na barkwanci kan wata lauya da ke koya wa ma'aikatan otal yadda za su daina biyan kuɗin barazana. Kwana shida da fitowarsa, 'yan ƙungiyar Goto-gumi suka tare shi suka yayyanke masa fuska. Abin da ya ƙona musu rai shi ne an tona asirinsu, an mayar da su abin dariya.

Don haka mu da ke rubuta ɗan daba a littattafanmu, mu binciki kanmu. In muka ba shi mota, kwarjini da 'yan mata, sannan ya tuba a shafi na ƙarshe, talla muka yi wa daba ko da ɗigon jini bai zuba ba. Mu rubuta uwar wanda aka sara, da mai shagon da ake karɓe wa ciniki. Mu nuna tsoron da ke cikin mai riƙe da wuƙar.

Allah Ya yi mana jagora. Sai mako mai zuwa.