Wace Gaya kake nufi?

A wannan mako filin namu zai tsaya kan wata tambaya da ƴan kasuwa ke yawan yi: mutum ya biya kuɗi an gina masa shafi a intanet, an sa sunan mangazarsa da hotunan kaya, to me ya sa in an nema a Google ba a ganinsa? Amsar tana da rassa da dama, amma ga mutumin Gaya reshen farko shi ne sunan garin kansa.

Gaya ba ɗaya ba ce a duniya. Akwai ta jihar Bihar a ƙasar Indiya, babban birni wanda mabiya addinin Hindu da na Buda ke kai wa ziyara, kuma an yi rubutu a kanta fiye da yadda za a ƙidaya. Akwai Gaya ta jihar Kano. Bayan haka kalmar tana cikin maganar Bahaushe ta kullum, gaya mini, na gaya maka. Injin bincike na'ura ce, ba ta san cewa kai tamu ta bakin Kwara kake nufi ba, saboda haka sai ta miƙo wadda aka fi ambata. Haka sunan ƙasar yake: Niger ƙasa ce, kogi ne, jiha ce kuma a Najeriya. Don haka wajibi ne kan shafin, wato layin da ke fitowa da manyan baƙaƙe a sakamakon bincike, ya ɗauki sana'a da wuri a cike, da rubutun da taswira ta sani: Gaya, Dosso, Niger. A cikin bayani kuma a ambaci Malanville da Kamba, domin mai nema daga Kwatano ko Birnin Kebbi da waɗannan sunaye yake auna iyaka.

Wani zai ce, ina ruwan Gaya da wannan, garin da ciniki ke zuwa da ƙafarsa? Da can haka ne. Amma a watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma ta Kamba ba a sake buɗe ta ba sai 2022. A ƙarshen watan Yuli na 2023 takunkumin CEDEAO ya tsayar da manyan motoci a gadar Malanville; ko da aka ɗage shi a Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar ya ci gaba da zama a rufe, kaya masu yawa suka koma hanyar Lome da Burkina Faso. Ɗan kasuwar da ya dogara ga mai wucewa ta ƙofarsa ya ji a jikinsa. Abokin ciniki da ba ya iya zuwa, da salularsa yake nema.

Yadda Google ke jera shafuka ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san kasuwa. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa kamfanin a Amurka a 1998, dabararsu ita ce su ɗauki duk mahaɗin da wani shafi ya yi zuwa naka a matsayin shaida, kuma shaidar mai mutunci ta fi ta wanda ba a sani ba nauyi. Haka baƙon falke ke yi kafin ya sauke kayansa gidan dillali: ba ya tambayar dillalin ko shi mai amana ne, sai ya tambayi mutanen tasha. Yabon kai jahilci. An ƙara ma'aunai masu yawa tun daga lokacin, amma wannan bai gushe ba.

A nan ne ma'aikatan gwamnati ke da hannu, ko ba su lura ba. Shafin hukumar gari ko na majalisar ƴan kasuwa, in ya jera sunayen masu sana'a tare da mahaɗi zuwa shafukansu, ya ba su shaidar da kuɗi ba ya saye, kuma bai ci wa baitulmali ko dala ba. Sai dai a lura: sanarwar da aka ɗauki hotonta aka liƙa, na'ura ba ta karanta ta yadda take karanta rubutu. A buga ta da baƙaƙe, a sa kwanan wata.

Sai maganar kalmomi. Mai shafi ya rubuta abin da mai nema ke rubutawa, ba abin da ke masa daɗin ji ba. Mutumin Kwatano zai buga transitaire, friperie ko pagne. Na Kamba da Sakkwato zai buga gwanjo, atamfa ko rake. Kowane harshe a ba shi shafinsa. Amma kada a cika shafi da maimaita kalma ɗaya sau hamsin; wannan wayon ya tsufa, kuma yana kore mai karatu.

Ga wanda ba shi da ƙarfin shafi, akwai rajistar da Google ke yi kyauta, Google Business Profile, wadda ke sa mangaza a taswira. Kamfanin da kansa ya ce abu uku yake dubawa a nan: dacewar sana'a da abin da aka nema, kusancin wuri, da kuma shahara. Tun da yawancin titunanmu ba a kiransu da suna, a kafa alamar daidai ƙofar mangaza, a rubuta lambar waya da +227 a gabanta, kuma suna da lamba su zama iri ɗaya a ko'ina, har a Facebook. A roƙi abokan ciniki na gaskiya su rubuta abin da suka gani.

Hotuna kuma a rage musu nauyi. Tun 2018 Google ke lissafa saurin buɗewar shafi a salula, kuma mai saye ba zai ƙona kuɗin katinsa yana jiran hoton dila guda ba.

Akwai masu yawo suna alkawarin matsayi na ɗaya cikin mako guda in an ba su jaka kaza. Google ya faɗa a fili cewa babu mai iya lamunce wannan. Abin da suke yi galibi shi ne sayen mahaɗai daga shafukan banza, alhali tun 2012, da gyaran da aka kira Penguin, kamfanin ke farautar irin wannan, kuma shafin da aka kama yana iya nutsewa ƙasa da inda yake. Wasu kuma talla suke saya, wadda ke fitowa a sama da alamar Sponsorisé, ta ɓace ranar da kuɗin ya ƙare. Duk wanda zai ɗauki mai gyaran shafi, ya sa shi ya buɗe masa Search Console, wanda shi ma kyauta ne, kuma da adireshin mai mangaza za a buɗe shi, ba na mai gyara ba. A ciki zai ga kalmomin da aka nema, sau nawa shafinsa ya fito, da ƙasashen da aka neme shi. A ba aikin wata uku zuwa shida kafin a yanke masa hukunci; in a lokacin Indiya ce ke kan gaba a jerin ƙasashen, to a koma a gyara kan shafi.