Gashin da ake yi daga ciki

Wancan watan ban yi rubutu ba, ku gafarce ni. Ina fama da jinyar aminina ne, wanda muka shekara ashirin muna lodin goro tare daga Kumasi zuwa Kano. Ciwon daji ya taɓa kama shi a gefen harshe, aka yanke, aka yi masa gashi mako shida. Shekara biyu lafiya lau. Sai ga ɗan miki a wurin, ya ƙi warkewa.

Abin da ban sani ba sai a kansa: wurin da aka taɓa gasawa ba ya mantuwa. Hasken injin da ke gashi daga waje sai ya ratsa fata, muƙamuƙi da mafitar yawu kafin ya kai ga ciwon, kuma duk sun riga sun sha rabonsu. In an maimaita, ƙashin na iya mutuwa.

Shi ne likita ya kawo maganar birakiterafi. Ana sa mutum barci, a zura siraran bututan roba cikin naman da ciwon yake. Sai inji ya tura ɗan ƙarfe mai suna iridiyam-192, ko ƙwayar shinkafa bai kai ba, ya yi 'yan mintuna a ciki ya koma. Safe da yamma, kusan mako guda. Kamar garwashi a kasko ne: na gindinsa ke jin zafi, na bakin ƙofa ko a jikinsa. Uwargidansa ta yi ta fargabar kada ya shafa wa jikoki. Ina! Da ƙarfen ya fita, shi ke nan.

Amma fa ba kowa ake yi wa ba. Sai ciwon yana ƙarami, bai bazu ba, kuma a inda hannun likita zai kai. Asibitin Korle Bu da na Komfo Anokye suna irin wannan gashin, galibi don sankarar bakin mahaifa. Shi sai da muka kai shi Indiya.

Can ne muka sha wuya. Suka ce sai sun ga takardun gashin farko: nawa aka ba shi, a wane gefe. Mutumin da ya sauya gida sau biyu! Kwana goma sha takwas ana nema, ciwo na ci, kafin ɗansa ya tono su cikin kwalin rasiɗan kwastan.

Ya dawo. Bakin ya yi gyambo, kunu kawai yake sha, maganar da nauyi. Jiya dai na ji shi a waya yana gardamar kuɗin huhu da wani direba.