Warin ruɓaɓɓen ƙwai a shadda: Iskar da ke kashe mai aiki da mai ceto

Labarin kusan iri ɗaya ne duk lokacin da ya fito. Wayar wani ta faɗa masai, ko guga ya tsinke a tsohuwar rijiya, ko shaddar gida ta cika an kira masu kwasa. Mutum na farko ya sauka, sai a ji shiru. Ɗan'uwansa ya bi shi don ya fito da shi, shi ma shiru. Na uku ya shiga. Kafin jami'an kashe gobara su iso, gida ɗaya ya tashi da gawa biyu ko uku. Washegari a majalisa, wasu su ce ramin yana da aljanu, wasu su ce kwana ne ya ƙare.

Kwana na Allah ne, babu mai ja da wannan. Amma sanadin irin wannan mutuwa sananne ne, kuma ana iya kauce masa. A ramin da ƙazanta ta daɗe a rufe, iskar shaƙa tana ƙaranci, miyagun iskoki su taru. Mafi saurin kayar da mutum a cikinsu ita ce haidurojin salfaid, wadda masana ke rubutawa H2S. Lokaci ya yi da hukumomi da masu gidaje za su ɗauke ta a matsayin haɗarin da ke cikin unguwa.

Yadda take samuwa

Iskar haɗi ce ta haidurojin da farar wuta. Ƙwayoyin bakteriya ne ke samar da ita idan suna ruɓar da kashi, mushe ko shara a wurin da iska ba ta shiga. Shi ya sa ake samunta a shadda, sokawe, kwatami, ramin kashin dabbobi da rijiyar da aka daɗe ba a ɗiba ba. Tana fitowa daga rijiyoyin mai da gas, haka nan a masana'antun jima, inda ake amfani da sinadarin salfaid wajen cire gashi daga fata. Garin da ke da manyan majemu kamar Kano, musamman Challawa da Sharaɗa, ya kamata ya san da wannan.

Ba ta da launi, ido ba ya ganinta. Ta fi iskar da ake shaƙa nauyi, don haka takan kwanta a ƙasan rami, daidai inda mai aiki zai sunkuya. Tana narkewa a cikin ruwa da caɓi, ta zauna lafiya har sai an motsa. Da zarar an zura shebur ko bokiti an dama, sai ta taso gaba ɗaya. Ramin da ba shi da matsala lokacin da aka buɗe shi yana iya zama kabari bayan minti biyu da fara kwasa. Ga shi kuma tana kama wuta, har ta yi bindiga idan ta taru da yawa.

Hanci yana yaudara

Idan iskar kaɗan ce, kowa ya san warinta, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Hancin ɗan'adam yana jin ta tun ba ta kai kashi 1 cikin miliyan na iskar wuri ba. A nan mutane ke ruɗuwa, su ɗauka cewa hanci zai gargaɗe su. Da ta kai wajen kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan, takan kashe jijiyar jin wari cikin ɗan lokaci. Mai aiki sai ya ji warin ya ɓace, ya ɗauka iskar ta fice, alhali ƙaruwa ta yi.

Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sanya kashi 100 cikin miliyan a matsayin matakin da ke barazana ga rai nan take. A kashi 500 zuwa 700, mutum yana faɗuwa cikin 'yan mintoci. Daga 700 zuwa 1,000, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta sumar da ƙato. Dalili shi ne iskar tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin, kamar yadda gubar sayanaid ke yi. Ƙwaƙwalwa ce ke fara tsayawa, numfashi ya biyo baya. Shi ya sa waɗanda ke bakin rami ba sa jin ihu ko kiran taimako.

Ba sabon abu ba ne ga likitoci. Tun farkon ƙarni na 18 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya yi rubutu kan ciwon idon da ke addabar masu kwasar masai. A 1950, iskar ta tsiyaya daga wata masana'antar gas a garin Poza Rica na ƙasar Meziko, ta kashe mutum 22, aka kwantar da 320 a asibiti. A watan Disambar 2003, wata rijiyar gas ta fashe a yankin Chongqing na ƙasar Sin, mutum 243 suka mutu, akasarinsu mazauna ƙauyukan da ke kusa. Iskar da ta yi wannan ɓarna ita ce ke kwance a shaddar bayan gida.

Mai ceto ne ke ƙara yawan gawa

A wani gargaɗi da NIOSH ta fitar a 1986, ta ce fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan rufaffun wurare masu ƙoƙarin ceto ne. Wannan ne ɓangaren da ya fi wuyar faɗa. Uba yana kallon ɗansa kwance a ƙasan rami, a ce masa kada ya shiga? Amma gaskiyar ita ce, wanda ya sauka ba tare da tukunyar iskar shaƙa ba, abin da ya kayar da na farko zai kayar da shi. Riƙe numfashi ba ya isa a ɗauko mutum a hau da shi. Ɗaure hanci da tsumma ko takunkumin asibiti ba ya tare iskar ko kaɗan.

Wasu dabarun gargajiya ma suna ƙara haɗari. Masu haƙar rijiya kan zura fitila, idan ba ta mutu ba su ce lafiya lau. Fitila tana nuna ƙarancin oksijin ne kawai. Za ta ci gaba da ci a ramin da ke ɗauke da H2S mai kisa, kuma a shadda tana iya tayar da gobara. Haka zuba ruwan batir ko wani asid don a rage cikar masai, sai dai ya ƙara sako iskar daga cikin caɓi.

Abin da ya kamata a yi

Nauyi na farko yana kan mai gida, domin shi ke kiran aiki kuma shi ke biya. Inda motar zuƙe shadda za ta iya shiga, babu hujjar tura mutum cikin rami. Inda lungu ya yi ƙunci, a buɗe ramin da wuri, a hura masa iska da fanka kafin aiki da lokacin aiki. Duk mai sauka a ɗaura masa igiya a ƙirji, mutum biyu su riƙe a sama, don a jawo shi ba tare da kowa ya shiga ba. Guga kuwa da ƙugiya ake ciro shi. Wayar da ta faɗa masai a haƙura da ita, kada garin neman gira a rasa ido.

Idan an fito da mutum, a kai shi fili mai iska, a danna masa ƙirji idan ba ya numfashi, a garzaya asibiti ko da ya farfaɗo, saboda ruwa na iya taruwa a huhu bayan sa'o'i. Kada a ɗura wa sumamme madara ko manja. A kira lambar gaggawa ta 112 ko ofishin kashe gobara mafi kusa tun faɗuwar mutum na farko.

Nauyi na biyu na gwamnati ne. Dokar masana'antu ta Najeriya ta yi tanadi kan shiga wuraren da ke da iska mai guba, amma masu kwasar masai da ake kira "gidan kowa da akwai" ba a masana'anta suke aiki ba. Da dare suke fita, da bokiti da baro. Ƙananan hukumomi za su iya yi musu rajista ta hannun shugabanninsu, duba-gari su koya musu alamomin haɗari, a samar wa kowace ƙungiya na'urar gwajin iska, wadda girmanta bai wuce wayar hannu ba. Kowane ofishin kashe gobara kuma ya mallaki tukwanen iskar shaƙa masu aiki.

Wasu za su ce talakan da ke neman na abinci ba zai iya sayen na'ura ba. Haka ne, shi ya sa ya kamata ƙungiya ko ƙaramar hukuma ta saya a riƙa karɓa-karɓa. Igiya, fanka da ɗan jinkiri kuwa ba su fi ƙarfin mai gidan da ya iya gina shadda ba. Gidajen rediyo da limamai ma suna da rawar takawa, domin saƙon gajere ne: idan mutum ya faɗi a rami aka ji shiru, kada kowa ya bi shi, a kira masu kayan aiki.