WANE NE GWARZON KATIN HOTO?

Akwai wata gardama da ta zama ruwan dare a ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshin samarin ma'aikata, wato gardamar wane katin hoto ne ya fi kowane a tarihin wasannin kwamfuta. Ga wanda bai sani ba, katin hoto shi ne allon nan da ake sokawa a cikin kwamfuta, wanda aikinsa shi ne zana duk abin da ido ke gani a fuskarta, sau sittin ko fiye a daƙiƙa guda. Abin da ya ba mu takaici shi ne, da zarar an tayar da zancen, sai ka ji samari suna rige-rigen ambaton RTX 4090 da RTX 5090, katunan da yawancinsu ba su taɓa gani ba sai a hoto. Mu kuwa muna cewa wannan yabon gonar wani ne. Gwarzon kati shi ne wanda ya shiga ɗakin mai ƙaramin ƙarfi ya yi masa aiki shekara da shekaru. Tarihi shi ne shaidarmu.

A cikin shekarar 1996 wani ƙaramin kamfani na Kalifoniya mai suna 3dfx ya fito da Voodoo. Katin ba ya ma iya tsayawa da ƙafarsa, sai an haɗa shi da wani katin ta hanyar waya, shi ya ɗauki zanen wasa, ɗayan ya ɗauki sauran aikin. Duk da haka, waɗanda suka ga wasan Quake da na Tomb Raider a kansa sun san duniya ta sake. Me ya sa ya yi farin jini? Domin a wannan shekara farashin ma'adanar kwamfuta ya faɗi, sai irin zanen da a da sai manyan ma'aikatu ke da injinsa ya sauko hannun mutanen gari. Da 3dfx ya ga ya yi suna, sai ya sayi kamfanin STB don ya riƙa ƙera katunansa da kansa, ya juya wa abokan cinikinsa baya. Su kuma suka koma wajen Nvidia. Kafin shekarar 2000 ta ƙare, Nvidia ta saye kadarorinsa. Gani ga wane ya ishi wane.

Daga nan aka shiga zamanin kokawa tsakanin Nvidia da ATI ta ƙasar Kanada, wadda AMD ta saye a 2006. A 1999 Nvidia ta kawo GeForce 256, a 2002 ATI ta mayar da martani da Radeon 9700 Pro, wanda ya bar abokin hamayyarsa a baya. Wannan kokawa ce ta haifar da katin da har yau tsofaffin 'yan wasa ke ambato da girmamawa, wato GeForce 8800 GT na 2007. An sa masa kimanin dala 250, alhali ƙarfinsa ya kusa kamo na babban yayansa 8800 GTX mai dala 599. Shekara guda bayan haka Nvidia ta fito da GTX 280 a kan dala 649. Da AMD ta sako Radeon HD 4870 a kan dala 299, ba a yi wata guda ba Nvidia ta sauko zuwa 499. Ku duba da kyau: dala 150 ta zube a cikin 'yan makonni, ba tare da an canza ko ƙusa ɗaya a jikin katin ba. Ashe farashi ba daga sama yake faɗowa ba. Tsoron kishiya ne ke sa a gyara miya.

Idan kuwa dole sai an naɗa sarki guda, to, mu GTX 1060 muka zaɓa. Ya fito a 2016 a kan dala 249, da ma'adana gigabayit 6, yana cin wuta wat 120 kacal. A ƙidayar da kasuwar wasanni ta Steam ke yi kowane wata, ya riƙe kambun katin da aka fi amfani da shi a duniya har kimanin shekara biyar, sai a ƙarshen 2022 aka sauke shi. Wanda ya sauke shin ma ba wani ƙato ba ne, GTX 1650 ne, wanda ya fi shi araha. Kusa da shi muna ajiye RX 580 na AMD, mai gigabayit 8 a kan dala 229, wanda ya yi wa masu sayen gwanjo hidima mai tsawo. Wannan ita ce ƙuri'ar jama'a, kuma da kuɗin aljihunsu suka kaɗa ta.

To, yaya aka yi aka zo inda muke? A 2017 babban kati, GTX 1080 Ti, dala 699 ne. A 2018 magajinsa RTX 2080 Ti ya fara daga 999. A 2022 RTX 4090 ya zo da 1,599, a Janairun 2025 kuma RTX 5090 ya zo da 1,999, yana shan wuta wat 575. A lokacin da ya fito dala tana kusan naira 1,500, ke nan kuɗinsa ya tasam ma naira miliyan 3 tun kafin kuɗin dako da na kwastan. Mafi ƙanƙancin albashin da aka amince da shi a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne a wata. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki sai ya yi fiye da shekara uku bai ci ba, bai sha ba, kafin ya mallaki allo guda. In ya mallaka, da wace wutar zai kunna shi?

Masu kare kamfanoni za su ce mana kuɗi ya rage daraja a ko'ina, ƙera ƙwayar kati a masana'antar TSMC ta Taiwan ya ƙara tsada, katunan yau kuma sun ninka na jiya ƙarfi. Duk mun yarda. Amma a amsa mana waɗannan. A 2016 RX 480 yana da gigabayit 8 a kan dala 239. A 2025, bayan shekara tara, RTX 5060 ya fito da gigabayit 8 ɗin nan dai a kan dala 299, alhali wasanni sun ƙara cin ma'adana. RTX 3060 na 2021 yana da 12, magajinsa RTX 4060 ya koma 8. Wannan ci gaba ne, ko ci gaban mai haƙar rijiya? A 2015 aka gano cewa rabin gigabayit daga cikin 4 na GTX 970 tafiyar hawainiya yake yi, har aka kai ƙara a Amurka, aka sasanta a 2016 a kan biyan kowane mai saye dala 30. A 2022 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci Nvidia tarar dala miliyan 5.5, saboda ba ta bayyana wa masu zuba jari yadda masu haƙar kuɗin kirifto suka kumbura cinikin katunan wasa ba. Waɗannan mahaƙa su ne suka wawashe kasuwa a 2017, suka sake wawashewa a 2021, har kati ya ninka kuɗinsa. Da haƙar Ethereum da kati ta ƙare a Satumbar 2022, an zaci rahusa za ta dawo. A wannan watan ne shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya shaida wa duniya cewa zamanin saukar farashi ya wuce. A Janairun 2025 kuma ya ce RTX 5070 mai dala 549 zai yi aikin RTX 4090. Da aka gwada, sai aka ga lissafin ya dogara ne a kan hotunan da katin ke ƙagowa, har uku bayan kowane hoto guda na ainihi. Dokin mai baki ya fi gudu.

Gaskiyar magana ita ce, ɗan wasa ya daina zama babban baƙo a gidan da ya gina. A shekarar kuɗinta da ta ƙare a Janairun 2025, Nvidia ta samu dala biliyan 115 daga manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, daga wasanni kuwa biliyan 11. A 2024 kusan tara daga cikin kowane katunan hoto goma da aka sayar nata ne. Wanda ba shi da kishiya, kuma ya sami attajirin mai saye, me zai sa ya yi wa ɗalibi ragi?

Kada wani dattijo ya ce ai duk wannan zancen wasan yara ne. A 2012 Alex Krizhevsky, ɗalibi a Jami'ar Toronto, tare da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton, ya horar da manhajar gane hotuna ta AlexNet a kan katunan wasa guda biyu, GTX 580. Daga wannan aiki ne guguwar ƙirƙirarriyar basira ta yau ta taso. Katin da yaro ke wasa da shi da dare, shi ne injin da zai koyi lissafi da zanen gini da shi da safe. Duk ranar da katin tsaka-tsaki ya gagari ɗalibi, an rufe masa ƙofar ilmi, ba ta nishaɗi kaɗai ba.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu saye mu ne muke tallata wa kamfanoni kayansu a kyauta, muna raina abokinmu mai tsohon kati, muna ɗaukar lambar da ke jikin kwali kamar sarautar gado. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da samarin ma'aikata su sake ma'auni. A auna kati da abubuwa uku: aikin da zai yi a kan kowace naira, wutar da zai ci, da shekarun da ma'adanarsa za ta ɗauka. Kada a ƙi duba kayan AMD, ko na Intel, wanda ya fito da Arc B580 mai gigabayit 12 a kan dala 249 a ƙarshen 2024, domin kowane kati da aka saya a wajen ƙaramin ɗan kasuwa tsoro ne aka jefa a zuciyar babba. Kada a ji kunyar gwanjo, muddin an gwada shi kafin a biya. Muna kuma kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai su tsaya a kan cewa duk sashen da ya sami kuɗin sayen kwamfutoci, ya sayi katuna matsakaita masu yawa waɗanda aji guda zai taɓa, maimakon ƙato guda da za a kulle a ofishin shugaba ana nuna wa baƙi.