Sharhi: Wa ke da ta cewa idan ɗan cacar da aka dakatar ya nemi dawowa?

A ƙasar Suwizalan, dakatar da mutum daga shiga gidan caca ba abu ne mai wuya ba. Yana iya neman hakan da kansa, gidan cacar ma yana iya dakatar da shi ko da bai so ba. Wahalar tana zuwa ne ranar da ya dawo ya ce ya warke, a buɗe masa ƙofa.

Dokar caca ta ƙasar, wadda 'yan ƙasa suka amince da ita a ƙuri'ar raba gardama ta watan Yunin 2018, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019. Ta wajabta wa gidajen caca da kamfanonin da ke gudanar da ita ta intanet su dakatar da duk wanda bashi ya yi wa katutu, ko wanda yake zuba kuɗin da suka fi ƙarfin abin da yake samu. Haka kuma za a dakatar da wanda wata cibiyar ƙwararru ko hukumar jin daɗin jama'a ta ba da rahoton cewa caca ta zame masa jaraba. Da zarar sunansa ya shiga rajista, takunkumin ya shafi dukkan gidajen caca na ƙasar, kuma ba shi da wa'adin ƙarewa.

Mai son a ɗage masa sai ya rubuta wa gidan da ya dakatar da shi. Idan shi ne ya nemi dakatarwar tun farko, sai bayan wata uku zai iya neman hakan. Akan buƙaci ya kawo shaidar albashi, bayanan asusunsa na banki, da takardar da ke nuna ko ana bin sa bashi. Sannan doka ta ce dole ne a sa wani ƙwararre ko wata cibiyar kula da masu jaraba, wadda gwamnatin jiha ta amince da ita, cikin nazarin buƙatar.

Hikimar wannan sharaɗi a fili take. Takardun banki suna nuna halin aljihu ne kawai. Mutum yana iya biyan bashinsa kaf, ya samu aiki mai tsoka, alhali abin da ya kai shi ga halaka yana nan a zuciyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka, a rukunin halayen da ke kama mutum kamar yadda ƙwaya ke yi. Ƙwararre ne zai zauna da mai neman ya tambaye shi dalilin son komawa, yadda ya yi rayuwa a tsawon dakatarwar, ko ya koma caca a ɓoye, da kuma abin da iyalinsa suka sani.

Sai dai akwai giɓi. Ƙwararren shawara yake bayarwa, hukuncin ƙarshe kuwa yana hannun gidan cacar, wato wanda zai ci riba idan mutumin ya dawo. Ba a bai wa kura ajiyar nama, in ji Hausawa. Ko da yake hukumar tarayya mai kula da gidajen caca tana sa ido a kansu, nauyin maganar ƙwararren ya dogara ne da yadda gidan ya ɗauke ta. Shi kansa ƙwararren yana cikin tsaka mai wuya, domin aikinsa na asali jinya ne, wadda ke buƙatar mara lafiya ya faɗi gaskiya. Wanda ya san amsarsa ce za ta buɗe masa ƙofa kuwa, zai faɗi abin da ake son ji.

Maƙwabciyarta Jamus ta bi wata hanya. A tsarinta na OASIS, ƙarƙashin yarjejeniyar jihohi ta 2021, hukumar gwamnati da ke Darmstadt ce ke ɗage takunkumin, amma cikar wa'adi da rubutacciyar buƙata sun wadatar, ba sai an ga ƙwararre ba. Jamus ta raba hukuncin da mai cin riba, Suwizalan ta shigo da masanin cutar. Kowace ta riƙe rabin maganin.

Tsananta sharaɗin ma yana da nasa haɗarin. Idan fita ta yi wuya ƙwarai, mutane za su ji tsoron dakatar da kansu tun farko, wasu kuma su tsallaka iyaka. Wannan ne ya sa Suwizalan da Liechtenstein suka fara musayar sunayen waɗanda aka dakatar a Janairun 2025.

Batun ya shafi Najeriya, inda cacar ƙwallo ta wayar salula ta yaɗu a tsakanin matasa. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005, ta ce ikon tsara harkar na jihohi ne. Duk jihar da ta halatta caca kuma take son kafa rajistar dakatarwa, ya kamata ta fayyace tun farko wanda zai ɗage takunkumi, ta kuma tabbatar cewa maganar likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara tana da ƙarfin doka. Idan jihohin ba su yi musayar sunaye ba, wanda aka dakatar a wata jiha zai ci gaba da caca a maƙwabciyarta.