Filin Kimiyya da Sana'a: Hoton da ka gani a allo ba shi ne ɗanyen hoton ba

A wannan wata za mu yi magana ne da 'yan'uwanmu masu sana'ar ɗaukar hoto a Hartum da Umdurman, da kuma duk mai gidan da ya ba su amanar hotunan biki ko na suna.

Kyamarorin zamani suna iya ajiye hoto iri biyu. Akwai JPEG, wato hoton da kyamara ta riga ta gyara wa launi ta matse shi. Akwai kuma RAW, wanda za mu kira ɗanyen hoto, watau kamar fim ɗin da ba a wanke ba a zamanin da. Na Canon sunansa yana ƙarewa da CR2 ko CR3, na Nikon da NEF, na Sony da ARW. JPEG yana riƙe da matakan haske 256 a kowane launi, alhali ɗanyen hoto mai bit 14 yana riƙe da 16,384.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ɗanyen hoto ba ya kalluwa sai an sarrafa shi. Saboda haka kyamara takan cusa wani JPEG a cikinsa a matsayin samfuri, a wasu kyamarori cikakke, a wasu kuwa ɗan ƙarami. Shi ne kake gani a bayan kyamara, shi ne kuma manhajojin tsara hotuna da yawa suke fara nuna maka. Lightroom kan nuna shi na ɗan lokaci, sannan ta ƙera nata samfurin, sai ka ga launi ya dusashe. Hoton bai lalace ba. Gyaran da kyamara ta yi ne ya kau.

Abin ya yi kama da ɗan kasuwar da ya ɗebo maka dawa a tafin hannu a kasuwar Umdurman. Ka ga samfuri, amma buhun yana cikin sito.

Wannan rashin sani yana jawo asara ta hanya biyu. Ta farko, ango ya sha farar jallabiya da rawani cikin tsananin rana, a samfuri sai ka ga farin ya ƙone, fuska kuma ta yi duhu, ka ce hoton ya ɓaci ka goge. Alhali sau da yawa ɗinkin rigar da kamannin fuskar suna nan a ɗanyen hoton, sai dai a jawo su. Kada ka yanke wa hoto hukunci sai ka buɗe shi sosai ka faɗaɗa.

Ta biyu ta fi ciwo. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, mutane sun fita daga Hartum da abin da hannu zai iya ɗauka, wasu suka nufi Gadarif da Kasala, wasu suka tsallaka Masar. Wanda ya ɗauki kwamfutarsa ya bar faifan ajiya a shago, in ya buɗe Lightroom zai ga hotunansa reras, ya yi hamdala. Amma in akwai alamar motsin rai a kusurwar hoto, ko alamar tambaya a kan jakar hotunan, to manhajar tana gaya masa ne asalin ba ya nan, samfuri kawai ya rage.

Duk da haka, samfurin ma ba abin yarwa ba ne. Kamfanin Adobe yana da wata 'yar manhaja ta ciro samfuran hotunan da asalinsu ya ɓata. Wanda kuma ya yi irin samfurin da ake kira Smart Preview, wanda ya zo a 2013, yana da hoto mai tsawon ɗigo 2,560, ya isa a wanke shi da kyau har kusan santimita 21. Saboda haka wanda ya koma bayan sojoji sun karɓe Hartum a watan Maris na 2025 ya tarar an wawashe shagonsa, kada ya kuskura ya goge jakar samfuran don neman fili a kwamfuta. Watakila ita kaɗai ce ta rage daga fuskar wani tsoho da ya riga mu gidan gaskiya.

Mu ɗauki darasi daga marigayi Jadalla Jubara, mai Studio Gad na Hartum. An rushe wurin a 2008, shekarar da ya rasu, amma da yake iyalansa sun tsare ainihin fina-finan, daga baya cibiyar Arsenal ta Balin a Jamus ta taimaka aka mayar da wasunsu cikin kwamfuta. Asali ake tsarewa.

Shawararmu ita ce: ka ajiye ɗanyen hoto a wuri biyu, ɗaya a wajen ɗan'uwa a wani gari ko a intanet. In za ka aika ta WhatsApp, ka aika shi a matsayin takarda, domin hanyar da aka saba tana matse hoto. Kai kuma mai biki, ka nemi mai hoto ya ba ka cikakken kwafi, ban da wanda ya turo maka a waya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.